Fargabar Magana Ta Wayar Bidiyo Da Maganinta

A unguwar Wulari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, akwai samari da 'yan mata da suka ƙare Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, suna neman aiki a ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a garin bayan rikicin da ya ɓarke a 2009. Sau da yawa akan yi musu tambayoyin ɗaukar aiki ta wayar bidiyo, watau ana ganin juna alhali masu tambayar suna Abuja ko Turai. A nan ne za ka ga mai ilmi ya daburce, murya na rawa, bakinsa ya bushe, har aikin da ya cancanta ya kuɓuce masa.

Wannan hanya ta bazu ne a 2020, lokacin annobar korona. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taronsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020. A 2021 wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, Jeremy Bailenson, ya bayyana abubuwa huɗu da ke wahalar da mutum a irin wannan zama: idanu da yawa sun zuba masa daga kusa, yana kallon fuskarsa kamar mai riƙe da madubi, ba shi da halin motsawa, kuma sai ya yi aiki tuƙuru kafin ya gane nufin abokin magana. Ashe dai ba ragwanta ba ce, yanayin abin ne.

A ƙasarmu akwai ƙari. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, ga shi kuwa na'ura tana bukatar a dubi idonta. Ga kuma zullumin wuta da layi. Mutanen Maiduguri ba su manta da 2013 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya, ko 2021 da aka karya turakun lantarki garin ya daɗe cikin duhu.

To, ina mafita? Da farko a cika batir, a gwada layi tun da sauran lokaci, a karɓi lambar wanda za a kira in magana ta yanke. A zauna ana fuskantar haske, a jingine wayar daidai tsayin ido. A ɓoye hoton kai, domin Zoom ya tanadi yadda ake yin haka. A rubuta muhimman batutuwa uku a takarda, a ajiye kusa. Kafin a fara, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali, kamar sau biyar. In ba a ji tambaya ba a nemi a maimaita, ba abin kunya ba ne.

Babban magani kuwa shi ne sabo. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. A riƙa gwadawa da ɗan'uwa ko aboki har kyamara ta zama 'yar gida.

Amma wanda fargaba ta hana shi barci ko ta raba shi da jama'a, musamman waɗanda suka ga tashin hankali a shekarun baya, ya kamata ya ga likita. Asibitin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yana nan a Hanyar Baga. Allah ya sa mu dace.