ASIBITIN MURTALA: IN AN GAMA GINI, WA ZAI RIƘE?

A wannan mako za mu yi magana ne a kan gyara tsohon asibiti da faɗaɗa shi, kuma misalinmu shi ne Asibitin Murtala Muhammad da ke daura da Ƙofar Mata a birnin Kano.

An kafa wannan asibiti tun a shekarun 1920, zamanin En'e, ana kiransa Asibitin Birni. An sa masa sunan Janar Murtala ne bayan kashe shi da aka yi a 1976. A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano ba su fi dubu 130 ba, amma a ta 2006 an samu mutanen jihar sun zarce miliyan 9. Ga kuma masu zuwa daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar. A nan ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara zaman aro da aka kafa shi a 1988, kafin ya koma mazauninsa na hanyar Zariya. A nan kuma cibiyar Laure take, inda ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki.

To, duk gidan da ya kusa shekara ɗari yana ɗauke da irin wannan kaya, ba makawa ya nemi gyara. Sai dai gyaran asibiti ba kamar na kantin kasuwa ba ne, da za a rufe a ce wa masu saye su dawo bayan Salla. Naƙuda ba ta jiran birkila. Dole a riƙa bi ɗaki ɗaki, ana kwashe majinyata ana mayar da su. Kuma asibitin cikin gari, wanda gidaje da hanyoyi suka kewaye, ba shi da wurin faɗaɗawa sai sama. Bene kuwa yana bukatar na'urar hawa, na'ura tana bukatar wutar da ba ta yankewa, in ba haka ba sai a koma ɗaukar wanda aka yi wa tiyata a kan matakala. Abin da ya fi tsufa a irin wannan gini galibi ido ba ya ganinsa, watau bututun ruwa da magudanar ƙazanta da wayoyin lantarki. Ba a yanka musu kirtani ranar buɗewa, shi ya sa ake mantawa da su.

Magabata sun san wannan. Sarkin Masar Mansur Ƙalawun ya gina babban asibitinsa a Alƙahira a 1284, bayan da can ya yi jinya a asibitin Nuruddini na Dimashƙa. Bai tsaya ga gini ba. Ya yi masa wakafin kadarori masu kawo haya, aka rubuta cewa daga kuɗinsu za a biya likitoci, a sayi magani da abinci, har da likkafanin wanda ya rasu. Malaman fiƙihu kuwa sun yi bayanin cewa gyaran abin da aka yi wakafinsa shi ake fara cirewa daga kuɗin shiga kafin kowane rabo, domin in asali ya rushe amfani ya yanke. Da wannan tsari asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, har aka gina asibitin ido a wani sashe na filinsa a farkon ƙarni na 20.

A ganinmu wannan shi ne giɓin da ke gabanmu. Attajiranmu, Allah Ya saka musu, suna son gina ɗakin jinya a rubuta sunan mahaifi a ƙofa, kuma ba mu ga laifin haka ba. Amma da mai gina ɗakin zai haɗa shi da shago biyu ko uku a Kantin Kwari ko Singa, a rubuta a gaban shaidu cewa hayarsu ta fanfo da rufi da man janareta ce, da ɗakin ya daɗe bayan mai shi.

Ku kuma ma'aikata da takardun kwangila ke bi ta hannunku, ku ne kuke rubuta ƙiyasi. Ku dubi ko an ware kuɗin kula na kowace shekara, ko an ɗauki nas-nas da za su tsaya a kan sababbin gadajen, kafin ku sa hannu a ce aiki ya kammala.