MA'ASUMA ABAD: BUDURWAR DA TA RUBUTO GIDA "INA RAYE"

Wannan wata mun nufi ƙasar Iran domin mu kawo muku labarin wata baiwar Allah mai suna Ma'asuma Abad, wadda ta yi wata 40 tana fursunan yaƙi a Iraƙi, daga baya kuma ta zama kansila a majalisar birnin Tehran. Abin da ya ja hankalinmu shi ne gwagwarmayar da ta yi a kurkuku don kawai a rubuta sunanta a takarda.

An haifi Ma'asuma a 1962 a Abadan, garin babbar matatar mai da ke bakin iyakar Iran da Iraƙi. Ran 22 ga Satumba 1980 sojojin Saddam Husaini suka tsallaka iyaka, aka soma yaƙin da ya ɗauki shekara 8. Abadan na cikin garuruwan da aka fara yi wa ruwan wuta. A lokacin Ma'asuma ba ta kai shekara 20 ba, tana aikin sa kai da Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta ƙasarsu, tana kuma taimakawa a gidan marayu. Da wuta ta yi tsanani sai aka kwashe marayun zuwa birnin Shiraz, ta raka su. A hanyar dawowa, cikin Oktoba 1980, tsakanin Mahshahr da Abadan, sojojin Iraƙi suka tare hanya suka kama ta tare da wata abokiyar aikinta. Ba ta ɗauke da bindiga, ba ta sanye da kaki.

To, yaƙi ma yana da doka. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ce duk fursunan da aka kama a ba shi dama ya aika wa iyalinsa kati cikin mako guda, a kuma sanar da ƙungiyar Red Cross sunansa. Hikimar abin a fili take. Wanda sunansa ke cikin rajista, in ya ɓace akwai mai tambaya. Wanda ba a rubuta shi ba kuwa, ko an kashe shi babu mai shaida.

Ma'asuma ba ta sami wannan haƙƙi ba. Maimakon sansanin fursunoni, sai aka kai ta kurkukun jami'an tsaro a Bagadaza, inda aka haɗa ta da wasu mata uku 'yan Iran. Masu gadi suna kiransu "'ya'yan Khumaini". Babu wasiƙa, babu ziyara. Can gida kuma iyaye ba su san ko makoki za su zauna ba, ko jira za su ci gaba da yi. Duk wanda ya taɓa sa ido ga hanya yana jiran labarin ɗan'uwa da ya yi nisa, ya san nauyin irin wannan shiru.

Da matan nan huɗu suka ga kwana na ta tafiya, sai suka ɗauki makamin da ya rage musu: suka ƙi cin abinci. Buƙatarsu ita ce a nuna su ga Red Cross, a kai su sansani kamar sauran fursunonin yaƙi. Kwana 19 suka yi, har jiki ya kasa, aka kwashe su zuwa asibiti. A ƙarshe hukuma ta saduda. A 1982 wakilan Red Cross suka gan su, suka rubuta sunayensu, suka miƙa musu takardar aika saƙo gida. Ma'asuma ta rubuta cewa tana raye, ta faɗi inda take. Daga nan aka kai su sansanin Mosul, sannan na Anbar, har aka sake su a farkon 1984. Dubban fursunoni maza kuwa sai a 1990 suka ga gida, shekara 2 bayan tsagaita wuta.

Da ta dawo sai ta koma aji. Ta karanci aikin ungozoma, ta ci gaba har ta sami digirin dokta a fannin lafiyar haihuwa, ta kuma koyar a jami'a. A siyasa tana ɓangaren masu ra'ayin mazan jiya. Ta shiga majalisar birnin Tehran a 2007, aka sake zaɓenta a 2013, ta zauna har 2017. A 2013 ɗin ne ta fitar da littafin tarihin zamanta a kurkuku da harshen Farisa, mai suna "Man Zendeh-am", ma'ana "Ina Raye". An buga shi sau da yawa, an fassara shi zuwa Larabci da Turanci.

Mai karatu na iya yarda da siyasarta ko ya saɓa mata, wannan hakkinsa ne. Sai dai mu tuna, yaƙin nan ya ci dubban ɗaruruwan rayuka a ɓangarorin biyu, kuma akwai iyalai a Iran da Iraƙi da suka shekara da shekaru ba su sami ko layi ɗaya daga nasu ba. Iyayen Ma'asuma sun samu, domin mata huɗu sun gwammace yunwa da a manta da su. Allah ya sada duk mai jira da nasa, amin.