Gardamar Masu Son Ƙwallo A Indabo: Hawan 2023 Da Abin Da Ya Biyo Baya

Indabo gari ne na manoma a ƙasar Wudil, amma duk wanda ya zauna da samarinsa bayan sallar isha'i ya san ba zancen taki da farashin masara kaɗai ake yi ba. Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tun watan Oktoba na 2025, watau gardamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. Jama'a sun rabu kashi biyu. Kashi ɗaya suna cewa ba su taɓa jin daɗin ƙungiyar kamar a shekarar 2023 ba, sa'ad da ta yi fama a aji na biyu har ta komo ajin manya. Ɗaya kashin kuwa suna cewa wannan zancen banza ne, gara wahala a cikin manya da sarauta a cikin yara. Mun ga ya kamata mu auna maganar nan, domin ta shafi tarbiyyar yaran da ke hannunmu.

Asalin Ƙungiyar

Kafin a yanke hukunci sai a san tarihi. An kafa Kano Pillars a 1990, da aka haɗa ƙungiyoyi uku na birnin Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Gidanta shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, uku na ƙarshen nan a jere. A 2009 ta fid da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta rinjayi Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ga yadda tsarin gasar yake, ga wanda bai sani ba. Ƙungiyoyi 20 ne a ajin manya, kowace tana karawa da 'yar'uwarta sau biyu, gida da waje, wasa 38 ke nan. Wadda ta ci tana samun maki uku, in an yi kunnen doki kowa ya sami ɗaya. In kaka ta ƙare, huɗun da ke ƙasa su sauka, huɗu daga aji na biyu su hau. To, a tuna da lissafin nan, za mu komo kansa.

Faɗuwa Da Tashi

A watan Afrilu na 2022 Pillars ta karɓi baƙuncin Katsina United a Kano, bayan ta daɗe tana wasanninta na gida a Kaduna. Maimakon ranar ta zama ta murna, sai wasu 'yan kallo suka ta da hargitsi, suka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, ta kore ta zuwa Abuja, a wannan kakar kuma aka zaftare mata maki uku. Da aka rufe lissafi sai ga Pillars cikin huɗun da suka sauka, tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Ikko.

Shekarar da ta biyo ita ce wadda kashi na farko suke yabo. An kasa ƙungiyoyin aji na biyu rukuni-rukuni, na Arewa daban na Kudu daban, sa'an nan takwas da suka yi fice suka taru a Asaba cikin damina ta 2023. Daga nan huɗu suka hau: Pillars da Heartland da Katsina United da Sporting Lagos. Abin mamaki, uku daga cikin waɗanda suka faɗi tare, tare suka tashi. Tsohon kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, bai guji ƙungiyar ba a lokacin ƙunci, wannan kuwa ya ƙara masa daraja wurin jama'a.

Masu yabon 2023 suna da hujja, ba mu ƙi ba. Suna cewa a shekarar nan kowa ya san abin da ake nema, manufa ɗaya ce tak, watau a koma gida. 'Yan wasa da shugabanni da 'yan kallo duk suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, don kunyar faɗuwa ta sa kowa ya shiga taitayinsa. Amma abokan gardamarsu su ma ba su yi ƙarya ba. Kowane malamin makaranta ya san yaron da aka maimaita wa aji yakan zo na ɗaya cikin ƙannensa, in aka ciyar da shi gaba kuwa sai a same shi a tsakiya. Ba ƙwaƙwalwarsa ce ta ragu ba, abokan karawa ne suka canja. Haka ya faru ga Pillars, gama a kakanni biyu da suka biyo bayan hawanta a tsakiyar jadawali ta ƙare. Saboda haka auna nasarorin aji na biyu da na ajin manya kamar auna gero ne da mudu biyu da ba girmansu ɗaya ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

A ganinmu duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Kwatancin da ya fi amfani ba tsakanin 2023 da 2025 yake ba, tsakanin 2022 da 2025 ne. An shiga kakar 2025 da kyakkyawan zato. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai, ya komo ƙungiyar a 2024, a watan Yuli na 2025 kuma aka naɗa shi babban manajanta. Jihar Kano ta ƙara samun wakili a ajin manya, da hawan Barau FC. Sai ga ranar 12 ga Oktoba, 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana gab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya. 'Yan kallo suka kutsa cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukunci ya biyo baya: tarar naira miliyan 9 da rabi, zaftare maki uku da ƙwallaye uku, aka kuma rufe filin Ƙofar Mata, aka tura ƙungiyar Katsina. Garin da aka farfasa wa mota a 2022 shi ne ya ba Masu Gida masauki.

Yanzu a komo ga lissafi. Kunnen dokin nan ya kawo maki ɗaya. Fushin 'yan kallo ya kwashe uku. Ashe da an yi haƙuri an koma gida da ribar ɗaya, da aka ƙi haƙuri sai aka tashi da hasarar biyu. Gumin da 'yan wasa goma sha ɗaya suka zubar na minti casa'in a wata ranar, wasu da ba su taɓa ƙwallo ba suka zubar da shi cikin minti kaɗan. Ban da wannan, mutumin Indabo da ke shiga mota ta Wudil ya kalli wasa a birni ya komo a yini guda, an nisanta masa abin da yake so. Masu sayar da ruwa da rake da gyaɗa a bakin fili su ma an taɓa musu abinci, alhali ba su jefi kowa ba.

Mun san za a ce alƙalan wasa ma sukan yi son kai, a kan cuci ƙungiya in ta je waje. Lalle alƙali ɗan Adam ne, yana kuskure, wani ma yana ganganci. Amma duk akawun da ya san aikinsa ya san yadda ake kai kuka: a rubuta takarda, a kafa hujja, a miƙa ta ga hukumar da ta dace. Dutse bai taɓa soke ƙwallon da ta shiga raga ba.

Kira Ga Malamai

Ɗan kallon da ya tsallake shinge a Ƙofar Mata ba daga sama ya faɗo ba, jiya-jiya yana zaune a kan benci gaban ɗayanmu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon malaman makarantun Indabo da na sauran ƙasar Wudil kada su ɗauki sa'ar wasanni lokacin hutunsu. A koya wa yara dokokin ƙwallo kamar yadda ake koya musu jam'i da ɗebewa. A riƙa ba manyan yara usur su yi alƙalanci bi da bi, don wanda ya taɓa hura shi ya san nauyinsa. In makarantar wani gari ta zo wasa, a tarye ta da ruwan sha, a raka ta har bakin hanya, ko ta ci ko an ci ta. Malamin da ya zagi alƙali a gaban almajiransa kuwa ya rushe darasin shekara guda.

Hawan 2023 abin tunawa ne, amma ba abin da za a yi fatan maimaitawa ba ne, gama ba mai hawa sai wanda ya faɗi. Allah ya ba mu haƙuri a ranar da aka ci mu, da kunya a ranar da muka ci, amin.