Shibra a gonakin Damargu: a zangarniya ake gane ta

A ƙasar Tanut da Balbeji, inda gonakin gero suka yi iyaka da makiyaya, akwai tsiron da ke shige wa manomi duhu tun yana yabanya. Shibra ce. Ganyenta na gero ne, karanta na gero, har mai noman firi yakan yi mata hidima bai sani ba.

Sai ta fid da kai asirinta ke tonuwa. Takan riga gero fitowa. Gindinta na yin 'ya'ya barkatai, kara siriri mai rassa, kowane reshe da 'yar zangarniyarsa. Ka riƙe ta kusa da ta ankutes, geron nan na Damargu mai gajeren kai da kauri: tsabar ankutes a fili take, a cushe, kowane gungu na zaune daram bisa 'yar ƙaramar sanda. Ta shibra ƙanana ce, ƙaiƙayi ya lulluɓe ta, gashi ya zarce ta tsawo. In ta nuna, shafa ɗaya da tafin hannu sai ta zube ƙasa. Wannan zubewar ita ce babbar shaida, kuma da ita take dawowa baɗi kamar gyauro.

A 1977 masanan tsirrai Brunken da de Wet da Harlan suka nuna cewa geron gida da geron daji da shibra jinsi guda ne, shibra kuwa barbarar biyun ce. Gero tsiro ne da iska ke ɗaukar bununinsa daga gona zuwa gona, shi ya sa tun da aka fara nomansa, aƙalla shekaru 4,500 da suka wuce bisa shaidar da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali, bai rabu da danginsa na daji ba.

Ban ga laifin manomin da ke ƙyale ta ba. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai kai ba, shibra ce ake yanka a ba yara kunu. Abin da ke damuna shi ne iri. Bununinta na sauka kan geron da ke kewaye da ita, kuma wanda ya ɗebi iri daga dami bayan girbi ba ya iya sanin wace zangarniya ta haɗu da ita. Gara a zaɓi iri tun gero na tsaye, daga tsakiyar gona, a kuma tuge shibrar wurin kafin ta yi bununi.