Lokacin da sunan mutum ya koma siffa

Duk sanda ka yi ƙorafi cewa algoridim ɗin TikTok ya danne maka bidiyo, sunan wani bawan Allah kake ambata: Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Turawa ne suka lanƙwasa sunansa har ya zama kalma.

Wannan ɗabi'a ce ta masu lissafi. Daga Euclid suka samo "Euclidean", daga George Boole suka samo "Boolean", wato tsarin e ko a'a da kwamfutarka take gudana a kansa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda daga Shehu Abdulƙadir muka samu Ƙadiriyya.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Niels Abel, ɗan ƙasar Nowe. Tarin fuka ya kashe shi a 1829, yana ɗan shekara 26, cikin talauci. Kwana biyu da rasuwarsa aka rubuto wasiƙar cewa ya samu aiki a Balin. Yau ana cewa tsari "abelian" ne idan sauya jerin abubuwa bai canza sakamako ba: 3 a tara da 5 daidai yake da 5 a tara da 3. Sa safa da takalmi kuwa ba haka yake ba, gwada fara sa takalmin ka gani. Kuma lura, da ƙaramin baƙi ake yawan rubuta kalmar. Masu lissafi kan ce wannan ce ƙololuwar girmamawa, don sunan ya shige cikin harshe har an manta na mutum ne.

A duniyar kiɗan rock, abin yana da kaifi biyu. Idan ɗan jarida ya kira waƙarka "Beatlesque", ya yabi ƙungiyar Beatles ta Ingila, wadda ta watse tun 1970. Kai fa? Wataƙila yabo ne, wataƙila cewa yake kwaikwayo kawai ka iya. Ƙungiyar Oasis ta sha wannan laƙabi a shekarun 1990, masoya suna murna, masu suka suna gatse da shi.

Shi Bryan Ferry bai jira a liƙa masa ba. A 2007 ya rera waƙoƙin Bob Dylan, ya haɗa su a kundi guda, ya raɗa masa suna "Dylanesque" da kansa.