Littafin Liƙe-liƙe

Akwai wani irin littafi wanda ba a sayensa a kanti, sai dai yaro ya yi abinsa da hannunsa. Sunansa littafin liƙe-liƙe. A cikinsa akan liƙa hotuna, da guntayen jarida, da kan sarki, da busassun ganyaye, da duk wani ɗan abu mai faɗi wanda mutum ba ya so ya ɓace masa.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin zane mai takarda mai kauri, da almakashi, da alƙalami, da ƙaro. Kafin yaro ya taɓa almakashi, ya kamata ya yanke shawarar abin da zai tara. Wani ya zaɓi tsuntsaye, wani labarin garinsu, wani kuwa kan sarki na ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya ce kome da kome zai tara, kwana uku littafinsa ya zama kamar juji.

Ƙaro shi ne wanda almajirai ke sa wa tawada. Daga jikin itacen dakwara yake fitowa da rani, ya daskare. Akan daka shi, a jiƙa da ruwan ɗumi ya kwana, sa'an nan a tace da tsumma mai tsabta, a zuba a kwalba. Da gashin kaza ake shafa shi, kaɗan-kaɗan, a kusurwoyi huɗu na takarda. In ya yi yawa, sai takardar ta yamutse, shafuka kuma su manne da juna. Waɗansu yara sukan yi liƙi da tuwo ko da koko, amma wannan gayyar kyankyasai ce. A Amurka ma liƙin nan ya dami mutane, har a shekarar 1873 wani marubuci, Mark Twain, ya fito da littafi mai busasshen danƙo a shafukansa, wanda jiƙa shi kawai ake yi a ɗora takarda.

Ba kowane abu ake shafa wa ƙaro ba. Hoton kaka, wanda watakila shi kaɗai ne ya rage a gidan, sai an nemi izni tukuna. In an bayar, a tsaga shafi wuri huɗu, a cusa kusurwoyin hoton, domin a iya zare shi lafiya. Ganye kuwa sai an sa shi tsakanin tsofaffin jaridu, an danne da dutse wajen mako biyu, ya bushe sarai. Ɗanye yakan yi fumfuna. Kan sarki ba a ɓare shi daga ambulan da ƙarfi. A yanko shi da takardarsa, a tsoma a ruwa, zai saki da kansa. Littafin makaranta da na aro kuwa, almakashi ba ya zuwa kusa da su.

Saura babban aiki, wanda yawancin masu farawa ke mantawa, watau rubutu. A ƙarƙashin kowane abu sai a rubuta mene ne, da inda aka samo shi, da kwanan wata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa a Zariya a 1939. Da wani yaro na lokacin ya yanko hoton wani basarake daga cikinta, ya liƙa bai rubuta kome ba, da yau jikokinsa ba abin da za su gani sai wani dattijo mai rawani. In kuwa ya sa suna da shekara, har malamin tarihi sai ya zo aro.

Takardar jarida ba ta son rana, gama takan ja, ta yi ta karyewa. Saboda haka in an gama aikin yini, sai a bar ƙaro ya sha iska, a rufe littafin, a sa shi cikin akwati. Akwatin kuma a ɗora shi bisa duwatsu nesa da bango, saboda gara da danshin damina.