Koya Wa Yara Tsarin Aikin Injiniya Ta Hanyar Haɗa Fitilar Karatu

Hakimai da malamansu idan sun je rangadin makarantu, sau da yawa a kan jera musu abin da yara suka haɗa da waya da batir, ko fitila ko ƙararrawa, a kunna ta kama, a yaba, a wuce. To, kamawar fitila ba ta isa shaida ba. Yaron da aka ba zane ya kwaikwaya zai kunna fitila, amma ran da ta ƙi kamawa sai ya tsaya ya na kallonta. Irin wannan tsayawar ce ke faruwa a ƙauyuka da dama sa'ad da fitilar hasken rana ko injin rijiyar burtsatse ya lalace, a yi wata da watanni a na jiran mai gyara daga birni.

Injiniya ba ya fara aiki da waya a hannu, da bukata ya ke farawa. Saboda haka malami ba zai ce wa yara ga yadda a ke haɗa fitila ba. Sai ya ce musu a na son fitilar da yaro zai yi karatu da ita bayan sallar lisha. Sa'an nan su da kansu su tsai da sharuɗɗa: a iya karanta rubutun littafi daga nisan kamu ɗaya, batir ya kai dare kaza, kuɗin kaya kada ya wuce kaza, kayan kuma su zama waɗanda a ke samu a kasuwar gunduma. Lalle ne a rubuta waɗannan a littafi tun kafin a taɓa kome, domin da su za a auna fitilar in an gama, kamar yadda a ke yanke farashi kafin a auna hatsi.

Bayan wannan a raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace ta zana dabara biyu ko uku, ta zaɓi ɗaya, ta faɗi dalili. Nan gardama ta kan tashi, kuma gardama ce mai amfani. Wani ya ce a sa ƙwai uku don haske, wani ya ce ƙwai uku za su sha wuta ninki uku, batir ya mutu da wuri. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai a koma ga sharuɗɗan nan a ga wanda ya fi nauyi.

Ƙwan da a ke amfani da shi shi ne ƙaramin nan na cikin tocilan zamani, wanda a ke kira LED. Wani injiniya a Amurka, Nick Holonyak, shi ya yi mai ba da jan haske a 1962. Farin kuwa bai samu ba sai da masana uku na Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi shuɗi, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin ƙwai ya na bukatar ƙarfin wuta kamar bolt 3, batir guda kuwa bolt 1.5 ya ke bayarwa. In an jera batir uku an sami 4.5, watau an yi rarar 1.5, kuma rarar nan ta na iya ƙona ƙwan. Don haka a ke sa wani ɗan abu mai suna rezista a kan hanyar wutar, ya rage gudunta, kamar yadda mai lambu ya kan ƙuntata bakin hanyar ruwa don kada ya kwashe masa dashe.

Girman rezista ba da ka a ke zaɓensa ba, lissafi gare shi, bisa ƙa'idar da wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana a 1827. Ƙwan ya na son gudun wuta kashi ɗaya cikin 50 na amfiya. A raba rarar bolt 1.5 da wannan kason, watau a ninka ta sau 50, a sami om 75. In babu mai 75 a kasuwa a ɗauki mai 82 ko 100, haske ya ragu kaɗan, batir ya ƙara daɗewa. Yaron da ya ke ganin ninki da rabawa wahala ce kawai, a nan ya kan fara ganin amfaninsu.

Sa'an nan sai gwaji, kuma da wuya fitila ta cika sharuɗɗa tun karon farko. Wata ba za ta kama ba sam, domin ƙwan LED ƙafa biyu gare shi, doguwar ita ce ke bin ɓangaren batir mai alamar +, in an juya ba ya haske. Wata ta kama ta na ƙyaftawa saboda mahaɗin waya ya yi sako-sako. Wata kuma ta yi haske sosai amma a wuri ɗaya kamar kwabo, sauran shafi duhu, sai an yi mata rumfa da farar takarda ko gwangwanin madara. Malami ya daure kada ya karɓa ya gyara musu. Ya sa su canja abu ɗaya tak, su gwada, su rubuta abin da ya faru, kana su canja wani. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko fitila ta kama bai san wanne ne ya gyara ta ba.

Haka manya ma suka yi. Edison da ma'aikatansa a Amurka sun gwada abubuwa masu yawa kafin su sami zaren da zai jure zafi cikin ƙwan lantarki. A 1879 zaren auduga da aka mai da gawayi ya yi sa'a goma sha wani abu ya na ci, daga baya suka koma ga gora, ta wuce sa'a 1,000.

Saboda haka Hakimi in ya iso makaranta, ya nemi littafin yaran tare da fitilar. Malamin Hakimi, da ya ke ya saba da rajista, shi zai fi saurin gane littafin da aka rubuta yau da gobe da wanda aka cika daren jiya don baƙi. A tambayi yaro me ya ƙi da farko, me ya canja, kuma dare nawa batir ya kai. A kuma tabbatar da batir kaɗai a ke wannan aiki, domin wutar da ke zuwa gidaje ta kai kimanin bolt 230, ta na kisa. Matattun batura kuwa a tara su wuri ɗaya a hannun malami, kada a bari yara su fasa su ko su jefa cikin wuta ko kusa da rijiya.